Malam, da Turanci "rubuta" jarrabawa ake yi ko "ɗaukarta"?

Wata ɗaliba da ta gama sakandare bana ta turo mini wannan tambaya:

"Assalamu alaikum, Malam. Ina cike takardar neman tallafin karatu a ƙasar waje. Na rubuta 'I wrote my WAEC exam in June', sai yayana ya ce wannan Turancin Najeriya ne, dariya za su yi mini. Da gaske ne? Sannan mene ne bambancin exam da examination da test? Akwai kuma gurbin da aka ce in jera darussan da na yi 'pass', ni kuwa D7 na samu a Lissafi, ban sani ba ko in sa shi ko in bari. Allah ya ƙara wa Malam lafiya."

Wa alaikumus salam, 'yata. Amin, Allah ya yi wa karatunki albarka.

Yayanki bai yi ƙarya ba, sai dai ya tsaya a rabin hanya. Turancin Najeriya ne, haka ne. Dariya kuwa babu wanda zai yi miki ita. Na yi fiye da shekara 20 ina koyar da Turanci a sakandare, na kuma sha zaman duba takardun amsa lokacin hutu, kuma abin da na lura da shi shi ne kalmar exam ita kanta ba ta cika ba ɗalibi wahala ba. Masu rakiyarta ne ke kayar da mutum: wace kalma za ta zo gabanta, wace za ta biyo bayanta, kuma da wa ake magana. Bari mu fara da abin da ya haɗa ki da yayanki.

A Ingila ɗalibi yakan ce "I sat the exam", ko "I took the exam", a hira ma yakan ce "I did my exams last year". A Amurka kusan kowa "take" yake cewa. In kika ce "sit" za su gane, sai dai za su ji ƙanshin Ingila a bakinki. "Write" kuma tamu ce, mu da Ghana da Afirka ta Kudu da Indiya, har ma da Kanada, abin da na san zai ba yayanki mamaki. Ɗalibin jami'a a Toronto, wanda ya buɗi baki da Turanci tun yana zanen goyo, zai ce miki "I'm writing my chemistry exam tomorrow" kuma bai ji ya yi wani laifi ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mu a nan abin ya ƙara zama mana daram domin Hausarmu ma haka take tafiya: rubuta jarrabawa muke yi, ko mu zana ta, kamar yadda ake faɗa a labaran rediyo.

To ina illar? A kunnen Ba'amurke take. A wurinsa, wanda ya yi "write" ɗin exam shi ne malamin da ya zauna ya tsara tambayoyin. In ya karanta "I wrote the exam", sai ya ɗan dakata kafin ya gane cewa ba yarinyar nan ce ta shirya wa ƙasashe biyar na WAEC tambayoyi ba. Zai gane ɗin, amma kin riga kin sa shi tuntuɓe, mai neman tallafi kuwa ba ta son mai karanta takardarta ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya. Baturen Ingila shi "set" yake cewa ga aikin malami: "The teacher set a difficult exam." Saboda haka in kina rubutu zuwa waje, ba ki san hannun wa takardar za ta faɗa ba, ki riƙe "take". Ita ce ke shiga ko'ina ba a tare ta a ƙofa ba: take, took, taken. In kuwa a gida ne, ki rubuta "write" hankalinki kwance. Ni dai ban taɓa rage wa ɗalibi ko rabin maki ba don ya rubuta "write an exam".

Abin da nake rage wa maki ba tausayi shi ne "I seat for the exam" da "I have sitted". Sit, sat, sat. "Seat" kujera ce, ko zaunar da wani. "Sit an exam" da "sit for an exam" duk daidai ne. Kada kuma ki ɗauka "sit" baƙuwa ce a wurinmu. Duba sanarwar ɗaukar ɗalibai ta jami'o'inmu, za ki ga "at not more than two sittings", wato a zaman da bai wuce biyu ba. Ai da bakinmu ma muke yaba wane da cewa a zama ɗaya ya haɗa sakamakonsa.

Akwai wani tarko na daban da 'yan'uwanmu na Nijar ke faɗawa, na kuma gan shi da idona. Wani yaro daga Maraɗi, wanda ya yi karatunsa da Faransanci har ya kai bakaloreya, wato jarrabawar gama sakandare a can, ya zo wurinmu koyon Turanci na 'yan watanni. Ran nan ya shigo aji ya ce mini, "Sir, I passed the exam yesterday." Na miƙa masa hannu ina yi masa barka, 'yan aji suka kaure da tafi. Ya yi tsaye yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, can ya ce da Hausa, "Malam, ai sakamako bai fito ba tukuna." A Faransanci "passer un examen" zana jarrabawa kawai yake nufi, cin ta kuwa "réussir" ne. Kalmar ta yi kama da "pass" ta Turanci kamar an tsaga kara, amma ma'anarsu ta raba gari. A Turanci ba ka "pass" sai sakamako ya fito ya nuna ka ci. Duk wanda ya biyo ta makarantar Faransanci, a Damagaram ne ko Garwa ko Injamena, sai ya yi hattara da wannan.

Yanzu ga D7 ɗinki. A nan zan daɗe, domin a nan ne kalma ɗaya ke iya jawo wa mutum asarar shekara guda.

Mu a Hausa abu biyu muka sani: ko ka ci, ko ka faɗi. Har kalmar muka ara muna cewa wane ya yi fasin. A Turancin yau da kullum ma haka ne, pass da fail. Amma takardar sakamakon WAEC da ta NECO matakai tara gare ta. A1 shi ne excellent, B2 very good, B3 good. C4 da C5 da C6 su ne credit. D7 da E8 su ake kira pass. F9 kuma fail. Kin ga ke nan a wannan takarda "pass" sunan wani mataki ne, kuma matakin na can ƙasa, na wanda ya tsallake rijiya da baya. Jami'o'in Najeriya kuwa credit biyar suke nema, kuma a mafi yawan fannoni sai da Turanci da Lissafi a ciki. Saboda haka ɗalibi zai iya rantsuwa cewa ya yi pass a darussa tara, bai yi ƙarya ba, amma ya rasa jami'ar da za ta ɗauke shi.

Wani dattijo ya taɓa zuwa mini har gida bayan la'asar da takardar ɗansa a cikin leda, ya ninke ta gida huɗu. Wani ya karanta masa, ya ce babu faɗuwa ko ɗaya, duk yaron ya yi fasin. Har tsohon ya sa an yi waina an raba wa almajirai. Abin da ya kawo shi kawai in gaya masa ko likitanci ya fi dacewa da yaron ko aikin lauya. Na buɗe takardar: C6 biyu, sauran duk D7 da E8. Na daɗe ina juya ta a hannuna ina neman bakin da zan faɗa masa da shi. Da na gama bayani ya yi shiru, sannan ya ce, "To su da suka san ba ta da amfani, me ya sa suka kira ta cin jarrabawa?" Har yau ban sami amsar da ta gamsar da ni kaina ba.

Ke dai ki sa Lissafin a gurbin, ki rubuta D7 kusa da shi yadda yake. Kada ki ɓoye shi, kada kuma ki yi masa kwaskwarima, domin za su nemi ganin takardar asali. Daga nan ki koma kan sharuɗɗansu ki karanta a tsanake. In kika ga "a minimum of C6 in Mathematics" ko makamancin haka, to D7 bai kai ba, komai sunan da aka ba shi. Ki kuma kula da kalmar credit ɗin kanta. A jami'o'in Amurka credit awo ne na nauyin darasi, irin abin da jami'o'inmu ke kira credit unit. In kika rubuta wa Ba'amurke "I have six credits", zai iya zaton kin riga kin ɗauki wasu darussa a jami'a. Ki jera masa darussan da matakin kowanne, shi ya fi.

In ta kama sai kin sake Lissafin, ga jarrabawar masu zaman kansu nan, wadda har gobe mutane ke kira GCE, kuma WAEC da NECO duk suna shirya irinta. Sake zana jarrabawa da Turanci "retake" ne a ko'ina, "resit" a Ingila da wurinmu. "Rewrite" za a gane ta a gida, amma a wurare da yawa tana nufin sake tsara rubutun da bai yi kyau ba. "Repeat" kuma ta maimaita aji ce, shekara sukutum.

Faɗuwa ita ma tana da nata rikicin. Saboda muna cewa "na faɗi jarrabawa", sai yara su ɗauko kalmar faɗuwa ƙasa su rubuta "I fell the exam" ko "I fall in Maths". Abin da ake cewa shi ne "I failed the exam", "I failed Maths", kai tsaye ba wata kalma a tsakani. Fail, fell, feel, fill: kalmomi huɗu ne, kowace da ma'anarta, kuma na sha ganinsu an yi musu hatsin bara a takarda ɗaya. Malami ma yana iya "fail" ɗin ɗalibi, wato ya kayar da shi. Wannan kam ban taɓa wahalar koyar da ita ba. In yaro ya ci zai ce "I passed", in ya faɗi kuwa "they failed me". Da Hausar ma haka suke yi: na ci, an kayar da ni.

Tun da muna kan "pass", ki guji rubuta "I passed out from secondary school". A wurinmu ana faɗa, an kuma samo ta ne daga Turancin soja da 'yan sanda, inda ake faretin yaye waɗanda suka gama horo, irin wanda masu yi wa ƙasa hidima ke yi a ƙarshen shekararsu. Amma a Turancin yau da kullum "pass out" suma ce. Ki rubuta "I finished secondary school" ko "I completed my secondary education".

Akwai wani abu a jumlarki da yayanki bai gani ba, kuma ya fi "wrote" muhimmanci. WAEC sunan hukuma ne, wadda aka kafa a 1952, take shirya jarrabawa a Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Jarrabawar da kika zana sunanta WASSCE, wato West African Senior School Certificate Examination. Haka JAMB hukuma ce, tun 1978, jarrabawarta kuma tun 2010 sunanta UTME. NECO ma hukuma ce da aka kafa a 1999, hedikwatarta na Minna. A hira kowa ya san abin da ake nufi da "na yi WAEC" ko "zan yi JAMB", ni ma haka nake faɗa. A takardar da za ta tsallaka teku kuwa, ki rubuta cikakken sunan jarrabawar sau ɗaya. Kada kuma ki ce "WASSCE exam", domin harafin E na ƙarshe shi ne Examination, kin faɗi abu ɗaya sau biyu ke nan.

Exam da examination uwa ɗaya uba ɗaya ne. Examination ce babba. Exam gutsurenta ne da ɗalibai suka yanko tun a ƙarni na 19, kamar yadda aka yanko lab daga laboratory, maths daga mathematics. Asalin kalmar Latin ne, "examen", sunan 'yar allurar nan da ke tsakiyar sikeli, wadda mai sayar da gwal ke ƙura wa ido ya ga ko awo ya daidaita. Ke nan tun fil'azal awo ake nufi. Tamu jarrabawa kuwa daga Larabci muka samo ta, "jarraba", gwadawa. A zancen makaranta ma'anar exam da examination ɗaya ce, bambancin na tufafi ne: examination babbar riga ce, ita ake sawa a sunan hukuma da takardar shaida da wasiƙar ofis. Exam kuma rigar zaman gida ce, amma mai tsabta, ana iya fita unguwa da ita. In kika rubuta exam a wasiƙarki babu wanda zai ce kin yi sakaci.

Sai dai examination ta fi faɗi. Duba majiyyaci da likita ke yi examination ne. Tambayoyin ƙure da lauya ke yi wa shaidar abokin shari'a cross-examination ne. Mai bincike zai ce "on closer examination", wato da aka ƙara dubawa da kyau, a nan kuwa exam ba ta shiga ko kaɗan. Amurkawa sukan ce "eye exam" ga gwajin ido, inda mutanen Ingila za su ce "eye test". Gwajin jini kuwa "blood test" ne a ko'ina, gwajin tuƙi "driving test".

A makaranta test ƙaramar jarrabawa ce ta tsakiyar zango, irin wadda ake haɗa makinta cikin CA, wato makin ayyukan da ake tarawa a cikin zango. Exam ita ce babbar ta ƙarshen zango ko ƙarshen shekara. A jami'o'inmu akan ba CA maki 30 ko 40, exam ta kwashi 70 ko 60. Amma kada ki riƙe wannan kamar karatun allo, domin manyan jarrabawoyi da yawa test ne sunansu. Harafin T na farkon TOEFL Test ne, na cikin IELTS kuma Testing, kuma duk wanda ya biya kuɗin waɗannan jarrabawoyin gwajin Turanci ya san ba ƙananan abubuwa ba ne. Amurkawa ma sukan kira kusan kowace jarrabawa test a hira. Quiz a wurinsu 'yar gajeriyar test ce ta mintoci kaɗan a aji, a wurinmu da Ingila kuwa an fi saninta da gasar kacici-kacici. Mock ita ce ta gwaji kafin ta gaske. Viva ita ce ta baka, wadda mai neman babban digiri ke zama gaban malamai ya kare bincikensa.

Inda Bahaushe ya fi zamewa shi ne wajen da jarrabawa ta bar makaranta. Mu kalma ɗaya muke amfani da ita ga WAEC da kuma abin da Allah ke jarraba bawansa da shi na rashi ko ciwo ko talauci. Na taɓa ba 'yan aji aikin rubuta wasiƙar ta'aziyya ga abokin da mahaifinsa ya rasu. Wata yarinya mai hankali, wadda rubutunta ke da kyau kamar an buga da inji, ta rubuta: "Be patient, this is an examination from God." Na karanta na ji abin har zuciyata, domin na san abin da take nufi, amma dole na ja layi da jan biro. Bature zai karanta ya ga kamar an shiga ɗaki an raba takardu. Irin wannan jarrabawa "a test" ce, ko "a trial". "This is a trial from God." Exam ba ta fita daga makaranta da asibiti.

Ga furuci kuma, tun da akwai takarda guda a Turancin WASSCE, Test of Orals, da ke tambaya a kansa. Harafin x na exam ba "ks" ake furta shi ba, "gz" ne, nauyin murya kuma kan gaɓa ta biyu yake: ig-ZAM. Haka example da exact da exist. Exercise kuwa nauyinta a gaɓar farko yake, x ɗinta kuma "ks". Masu tsara tambayoyi suna son haɗa irin waɗannan su ce a fitar da bare. A examination nauyin yakan koma gaɓa ta huɗu, wadda ake furtawa "nei". Examine kuma ƙarshenta "min" ne, ba "main" ba, duk da harafin e da ke maƙale a wutsiyarta. Sannan ga tsohon ciwonmu na p da f, wanda ba sai na tona ba. Na dai ce a ji tausayin pass da fail, a bar kowace da harafinta.

Da yake exam da wasali ta fara, "an exam" ake cewa, ba "a exam" ba. Ƙaramin abu ne, amma a rubutun insha'i akwai maki 10 da aka keɓe wa tsabtar rubutu, kowane kuskure kuma rabin maki yake ci. Kuskure 20 irin wannan sun share makin ke nan. Exam ana ƙirga ta: one exam, three exams. "I have exam tomorrow" ya rasa wani abu, ko dai "an exam" ko "exams". Sakamakon darussa da yawa kuma jam'i ne a Turancin waje, "my results are out", ko da yake mu "my result" muka saba. Akan ce "study for" ko "prepare for an exam", "register for an exam", "an exam in Biology". Baturen Ingila zai ce "I did well in the exam", Ba'amurke ya ce "on the exam". Duka biyun daidai ne, ki dai zaɓi ɗaya ki bi shi har ƙarshen wasiƙa.

Kalmomin cikin ɗakin jarrabawa ma sun rabu gida biyu, mu kuma ɓangaren Ingila muka gada. Mai sa ido invigilator ne a wurinmu, proctor a Amurka. Malaminmu "mark" yake yi wa takarda ya ba da marks, nasu "grade" yake yi. Bitar karatu kafin jarrabawa "revise" ce a nan da Ingila, a Amurka kuwa "review" ko "study" za su ce, domin "revise" a wurinsu gyara rubutu ne. "Paper" a wurinmu takardar tambayoyi ce, har mukan ce yau muna da paper biyu. A jami'ar Amurka paper yawanci rubutun da aka ba ka ne ka je gida ka yi bincike ka kawo.

Akwai kuma waɗanda namu ne na kanmu, ba a tafiya da su. "Expo" a wurinmu tambayoyin da aka sato ne kafin ranar jarrabawa, a sauran duniya kuwa bajekolin kayayyaki ne. "Carry-over", darasin da ɗalibin jami'a ya faɗi ya ɗauko shi zuwa shekara ta gaba, sai an yi wa baƙo bayani. "Examination malpractice" sunan maguɗin jarrabawa ne a hukumance, har doka Najeriya ta yi da wannan suna a 1999, hukumomin jarrabawar Ingila ma suna amfani da kalmar. Ba'amurke kuwa in ya ji malpractice, likitan da ya yi ganganci da majiyyaci ne zai faɗo masa a rai. Satar amsa a bakinsa "cheating" ce kawai.

Ba na son ki fita daga wannan bayani da jin cewa Turancinmu gurgu ne. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, a ciki har da okada da danfo da "next tomorrow" da Kannywood. Waɗanda suka tsara ƙamus ɗin ba su ɗauke su kurakurai ba, sun ɗauke su Turancin wasu mutane ne masu yawan gaske. Abin da ke ba ni haushi da masu gyara irin na yayanki, Allah ya shirye su, shi ne sukan kama abin da ba kuskure ba su yi ta kururuwa a kai, su bar kuskuren gaske ya wuce ta gabansu. Ga shi ya kama "wrote", wadda mutanen Kanada ke faɗa kullum, ya ƙyale sunan jarrabawar da ba a rubuta daidai ba.

Ga yadda zan so jumlar ta kasance: "I took the West African Senior School Certificate Examination in May and June this year." A ƙarƙashinta ki jera darussan, kowanne da matakinsa, Lissafi da D7 ɗinsa. Kafin ki tura, ki nemi sharaɗin Lissafin nan ki karanta shi sau biyu, in C6 suke so ki je ki yi rajistar zama na gaba tun ba a rufe ba.

Ki gai da yayan naki. Ki ce in ji ni ya furta miki "examine", ki ji ko zai ce "main".